Sulhun Raguna ga Nimsin Balarabe

Wanda zai yarda shi yarda, wanda ba zai yarda ba shi sha ruwa shi ƙara gaba, ba ni roƙon kowa. Amma ni Lawali, haifaffen Bukkuyum, wanda yat tashi cikin ramukan zinari tun daga Sunke har bayan Anka, ina gaya muku ban san rashin imani ba sai da nig gamu da wata dabba da za ka iya zura ta cikin hannun riga ka shiga kasuwa ba wanda yas sani. To, in dai hancin mutanen kasuwar a toshe shike.

Zancen yadda nib bar gida ku bar shi, kowa ya san abin da ke fitar da mutum daga dajinmu. Zangon farko wani ramin zinari ne can tsakiyar Sahara, wurin da ko ƙuda bai zuwa sai da guzurinai. Mun daɗe muna tono, mun fara ganin ɗan haske, sai wata rana da hantsi ga motoci sun nufo mu. Mutane ne da rawani, ido kawai kake gani. Ba sallama, ba tambaya. Sunka kwantar da mu bisa yashi mai zafi, sunka bi bayanmu da tiyon ruwa, kowa sai da yas samu rabonai. Wani ɗan Gummi da ke kusa da ni yay yi wayo yah haɗiye 'yar tsakuwar zinarinai. Ashe an gan shi. Sunka kama ƙafafunai, sunka juya shi kai ƙasa, sunka yi ta zazzage shi awa buhun gero har yam maido musu da ita, haɗe da garin kwakin da yac ci jiya.

Daga nan nig gangara Tamanrasat, cikin Aljeriya, da wando ɗaya da wayata, ita ma don tana ɓoye cikin takalmi tat tsira. Can nih haɗu da Sani Mai-Hanya, mutumin Anka, wanda sana'atai ita ce samo ma baƙi aiki. Yana jin Hausata yar rungume ni har da ƙwalla.

"Ɗan uwa! Bukkuyum? Allahu akbar, ai kakata 'yar can ce!"

Sai daga baya nij ji kakar nan ta Sani ba garin da ba a haife ta ba a Zamfara. In kai ɗan Gummi ne, 'yar Gummi ce. Yac ce, "Ka iya kiwo?"

Nic ce, "Sani, rabin ƙuruciyata a Gwashi niy yi ta, shinge ɗaya da rugar Fulani. Rago in ya yi atishawa na san abin da yac ci."

"Shi ke nan, ka samu aiki. Akwai wani Balarabe can arewa, dabbobi gare shi. Ci, sha, wurin kwana, kuma jandarma, 'yan sandan ƙasar, ba su leƙa gidanai. Kawo wayar nan in aje maka, can ba sabis."

Yas sa ni bayan motar albasa. Arewar da nit tarar, ko tsohuwa mai tallan ƙwai waya gare ta.

Wani ƙauye ne tsakanin duwatsu, sanyi awa an buɗe firij an manta. Maigidan ana ce mai Ammi Rabah, wato Kawu Rabah, wani gajere mai gashin baki da za ka iya share ɗaki da shi. Nid duba gabas, nid duba yamma, ban ga ko kashin tunkiya ba. Nit tattaro ɗan Larabcin makarantar allo nic ce, "Aina ganamu?" Ina tumakin ke nan. Yay yi dariya har da tari, yaj ja ni bayan gida, yan nuna min wani keji na katako da wayar ƙarfe. Yac ce, "Nims."

Ga wanda bai taɓa gani ba: ka ɗauki tunku, ka ja shi shi ƙara tsawo, ka shafe shi da warin bodari, ka sa mai zuciyar ɗan daba. Nimsi ke nan. Farautar zomo ake yi da shi. A ɗaura mai ƙararrawa a wuya, a zura shi cikin rami, a tare sauran bakunan ramin da raga, ku tsaya. Can ƙarƙashin ƙasa za ka ji ana gudu ana kuka, sai zomaye su yi ta fitowa awa an tashi kasuwa. Har nij ji ina ɗan girmama shi, abokin sana'a ne, shi ma rami shike shiga don wani shi ci riba.

Matan suna kejinsu daban. Maza biyu ne a babban kejin. Akwai tsoho, fari, jajayen idanu, kunne ɗaya a yage, shi nis sa ma suna Sarkin Fawa. Akwai saurayi mai ruwan ƙasa da bai iya tsayawa wuri ɗaya, shi kuma Ɗan Kabu-kabu. Ammi Rabah yaɗ ɗaga Sarkin Fawa, yas sumbace shi a ka, wallahi da bakinai. Sannan yan nuna shi, yan nuna ni, yak kwantar da kai gefe yaf fiddo harshe, wai in ya mutu. Sai yak kama sitiyarin iska yaj juya, yan nuna kudu, yac ce, "Jandarma."

Wanga Larabci ko jinjiri ya gane shi. Ba ni da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Kuma kowane baƙo a ƙasar ya san motocin nan: a kwashe ku, a kai ku bakin iyaka cikin rairayi, a ce ga ƙasarku can, ku taka. Wato numfashin tsohon nimsin nan shi ne takardar zamata.

Duk tsawon sanyi lafiya lau. Mazan nan biyu tare suke kwana, a nannaɗe da juna awa igiyar guga, ba ka gane kan wa ke wutsiyar wa. Ina ba su kawunan kaji da ƙwai, in share keji, in ɗauki shebur in bi Ammi Rabah farauta. Wari kawai ke damuna. Ya shiga rigata, ya shiga gemuna, ya shiga har mafarkina. Ranar Juma'a in na shiga masallaci, sahun da nike sai shi zama filin ƙwallo. Liman shina cewa a cike gurbi, kowa shina duban rufi.

Uwar Ammi Rabah ce tal lura. Wata tsohuwa mai shuɗin zane a haɓa, Zuhra sunanta, ni dai Inna nike ce mata, ita kuma ta ce min "wuldi," wato ɗana. Taf fiddo jallabiyar marigayi mijinta tab ba ni, tan nuna min in rataye ta can ɗakin girkinta, nesa da keji, sai lokacin salla. Kullum da safe ta miƙo min gurasa da man zaitun. Gurasar nan in ta kwana tana ɗan kama da hoce, gasasshen ƙullun dawar nan na gida. Nikan rufe ido in tauna, in ga kaina a tsakar gidanmu, Innata ta gaskiya tana ce min in tashi in nemi abin yi. Ban taɓa zaton zan yi kewar faɗan Inna ba.

Da sanyi yaj janye, rana taf fara tsawo, sai 'yan uwan nan biyu sunka canza. Wuyansu yak kumbura, gashinsu yay yi maiƙo rawaya, warin yan ninka har kajin maƙwabta sunka daina zuwa. Iska na kawo musu ƙamshin mata daga ɗayan kejin, kowa ya tuna shi namiji ne. Wata safiya ina zuba musu ruwa, ba gargaɗi ba zagi, Ɗan Kabu-kabu yaɗ ɗare bayan tsohon yak kafa mai haƙora a ƙeya, yaj ja shi tun daga wancan lungu har wanga. Ƙarar da Sarkin Fawa yay yi, birkin tsohuwar mota albarka. Yaj juyo yac cafki kunnen yaron yab barke shi gida biyu. Jini har fuskata.

Ammi Rabah yaz zo da gudu da bokiti yas sheƙa musu ruwa, yad damƙi kowanne ta fatar ƙeya yaɗ ɗaga su sama, suna lilo suna ta huci. Yas samo katako yar raba kejin biyu. Yad dube ni, yaw ware hannuwa.

"Farraƙ! Farraƙ, ya Lawali!"

A raba su ke nan. Na ji, na gane. Kar wani shi ce ban gane ba.

Ba a daɗe ba ƙanen Ammi Rabah yak kwanta asibiti can birni, maigidan yat tafi jinya, yab bar ni da Inna Zuhra da 'yan ta'adda biyu. Katakon nan bai kashe komi ba. Ɗan Kabu-kabu ya wuni shina tonon ƙarƙashinai. Sarkin Fawa kuwa yad daina cin abinci, sai gurgurar wayar keji har dasashinai shina jini, shina ramewa ina kallo. Kowane ƙashin haƙarƙarinai da nig gani sai in ji ƙarar motar jandarma.

Inna Zuhra tana da tata dabara. Kullum ta ɗauko tsumman da wanga yak kwana a kai ta kai ma wancan, ta kawo na wancan ta ba wanga, don kowa shi saba da warin ɗan uwanai. Ta wanke su bi da bi cikin ruwa ɗaya. Tana yi tana ce min, "Shwayya, shwayya," wato sannu-sannu. Ni kuwa ina cewa cikin raina, wanga irin sulhun da ake yi can gida ne: a zauna, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, jibi a ci gaba daga inda anka tsaya. Kafin tsumma shi yi aiki tsohon nan ya mutu da yunwa.

Sai nit tuna da Baffa Juli, maƙwabcin kakannina a Gwashi. In raguna biyu sunka sa juna gaba, Baffa Juli bai raba su. Haɗa su shike yi. Shi samo gajeruwar igiya shi ɗaure su wuya da wuya. Ai karo sai da fili, sai kowa ya samu wurin da zai taso da gudu. In ba fili sai harara. Su yi ta tura juna, su gaji, yunwa ta kama su, kafin ka ankara suna cin dusa a kwano ɗaya. Da idona na ga haka ba sau ɗaya ba. Nic ce ma kaina, Lawali, Larabawan nan mai suke da shi, ba dabara ba. Yau za su ga ilimin Gwashi.

Nij jira Inna Zuhra tat tafi gidan maƙwabta gasa gurasa. Nis sa safar hannu ta fata da Ammi Rabah ke kama su da ita, nis samo igiyar ɗinkin buhu, niɗ ɗaure wanga, niɗ ɗaure wancan, tsakaninsu bai kai taƙin hannu ɗaya ba. Niz zare katakon. Nic cire safar, nir rungume hannu.

Sunka tsaya cik. Sunka shinshini juna. Wallahi har Ɗan Kabu-kabu ya lashi kunnen tsohon. Nic ce, "Baffa Juli, Allah shi jiƙan mahaifanka."

Ban rufe baki ba duniya tat tashi.

Abin da Baffa Juli bai taɓa gaya min ba, kuma har gobe ina riƙe da shi a kai, shi ne maganin nan na masu ƙaho ne. Rago nesa shike nema. Nimsi kusa shike nema. Ashe kai ma kowa wuyan abokin gabanai niy yi har baki, awa mai kai amarya.

Sunka dunƙule sunka zama ƙwallo ɗaya mai kai biyu, tana birgima tana bugun waya ta ko'ina. Gashi na tashi, jini na fantsama bisa katako, kashi da fitsari, ga wani wari da sunka saki na tsoro wanda yas sa idona hawaye. Kowace birgima igiyar ƙara murɗewa take. Nig ga ta nutse cikin wuyan Sarkin Fawa, harshenai ya fito, jajayen idanun nan sun yo waje, yaron kuma ya kafa kai a ƙeyarai shina girgizawa awa kare da tsumma.

Ban tuna da safa ba. Jandarma nit tuna. Nic cusa hannu tsirara in kwance ƙullin.

Sarkin Fawa, wanda nike ƙoƙarin ceto, shi yak kama ni. Naman nan na tsakanin babban yatsa da manuni, nan yar rufe bakinai, nij ji haƙoran sama da na ƙasa sun gaisa cikin hannuna. Nif fizgo hannun waje, sai ga su duka biyun sun biyo ni, tunda ni da kaina niɗ ɗaure su. Ku hango ni: ina zagaya tsakar gidan Balarabe da gudu, tsoho na rataye a hannuna, yaro na rataye a wuyan tsoho, ina kiran Inna da Hausa, ina kiran Allah da Larabci. Nib buga su ga bango, ba su saki ba. Nit tsoma hannun cikin durom ɗin ruwa har kafaɗa, ruwan yay yi ja, nif fiddo, suna nan.

Haka Inna Zuhra tat tarar da mu. Ba ta yi ihu ba. Ta aje faifan gurasa, taz zaro wuƙar girki tad datse igiyar, tay yi wurgi da Ɗan Kabu-kabu cikin keji. Tas soka ƙotar cokali ta gefen bakin tsohon tam murɗa har yas saki. Yaf faɗi ƙasa yaraf.

Nid durƙusa kanai. Nim murza ƙirjinai, nig girgiza shi, kuma duk wanda yaf faɗi wanga a Bukkuyum zan ƙaryata shi, amma har baki nis sa nih hura mai iska. Yam miƙe ƙafa, yay yi wata 'yar shaƙuwa. Shi ke nan. Takardar zamata ta mutu a tafin hannuna.

Inna Zuhra taw wanke min ciwon, taz zuba zuma, taɗ ɗaure da ɗankwalinta. Taɗ ɗaga guntun igiyar tad dube shi, tad dube ni. Niy yi mata kukan rago, nih haɗa dunƙulen hannu biyu, ina son in yi bayani. Tag girgiza kai kawai, tan nuna duwatsu.

"Ruh, ya wuldi. Ruh."

In gudu ke nan. In tafi ina? Baƙin mutum, ba takarda, hannu na zubar jini, kuma ana jin warinai tun daga ƙauye na gaba? Niz zauna.

Washegari da la'asar Ammi Rabah yad dawo. Yag ga gawar bisa tsumma. Yaɗ ɗauke ta da hannu biyu, yas sa ta a ƙirji, gashin bakin nan na rawa. Sannan ya aje ta a hankali, yaɗ ɗauki shebur ɗin farauta. Bugu na farko a kafaɗa, na biyu a gadon baya, na uku ban san inda yas sauka ba don na riga na kwanta. Inna Zuhra tash shiga tsakani, tar riƙe ƙotar shebur tana zazzaga mai wani Larabci da babu shi a makarantar allo. Yas saki shebur. Yaf fiddo waya.

Kafin motar jandarma ta iso, tsohuwar nan taƙ ƙunsa min gurasa cikin jallabiyar mijinta, tat tura min ƙarƙashin hammata. Ba ta tsaya ganin tafiyata ba, tash shige ɗakin girki taj ja ƙofa.

Abu ɗaya zan yaba ma Sarkin Fawa: a babbar motar da anka loda mu zuwa kudu, mutane bisa mutane, ni kaɗai nim miƙe ƙafa. Kowa ya matsa ya ba ni wuri. A bakin iyaka anka sauke mu cikin rairayi, munka taka. Hannun nan yak kumbura yaz zama kabewa, zazzaɓi na kaɗa ni, ina ganin garin da babu. Wata mata 'yar Nijar da goyo a baya tar raba ruwan jarkarta da ni, ko sunanta ban tambaya ba. Daga motar agaji zuwa motar shanu, daga motar shanu zuwa bas, har Gummi, har gida.

Ciwon ya rufe a hanya, amma yab bar wani ƙulli mai tauri da ke hana ni riƙe ko cokali. Mutane sunka cika gidanmu barka da zuwa, kowa idonai bisa hannun. To, mi za ni ce? In ce dabbar da ba ta kai takalmi ba? Nic ce musu damisa ce. Damisar duwatsun Larabawa, tat tare ni ina kiwon tumakin maigidana, munka yi kokawa tun hantsi har azahar. Innata na zaune gefe tana tsince wake. Sai ta aika a kira Baba Audu wanzami.

Baba Audu yal latsa ƙullin, nid daka tsalle. Yas sa maza biyu sunka danne ni a gaban jama'a, yat tsaga da aska, yam matsa. Ruwa yaf fita, jini yab biyo, sai wani ɗan farin abu yaf faɗa cikin tasa, ƙwal. Yaɗ ɗauke shi, yag goge ga riga, yaɗ ɗaga shi ga rana. Bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wanga haƙori ne," in ji Baba Audu. "Amma damisar nan taka, Lawali, ko dai ba a yaye ta ba?"

Inna ta aje faifan wake, tam miƙo hannu, anka sa mata shi a tafi. Taj juya shi da yatsa, tad dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ɗiyan mutane in sun tafi ƙasar Larabawa, da haƙorin zinari suke dawowa a baki. Kai kuwa na ɓera kak kawo min, shi ma a hannu."